Darasi: Sa'ad da Zuciya Ta Yi Nauyi

Mai baƙin ciki yakan kwanta a ɗaki yana jira ransa ya yi daɗi kafin ya tashi. Amma sau da yawa sai jiki ya motsa tukuna zuciya take samun sauƙi. Bari mu duba hanyoyi huɗu.

1. Motsa jiki. A shekara ta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya su motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Tafiya da sauri, noma da ɗiban ruwa duk suna ciki.

2. Barci. Babban mutum yana bukatar awa 7 zuwa 9. Hasken safiya yana daidaita lokacin barci. Goro, kofi da shayi kuwa sukan hana shi in an yi amfani da su da yamma.

3. Abinci. A ci a kan lokaci ko da babu marmari. Wake, gyada, zogale da kifi suna gina jiki. Giya takan sa mantuwa ta ɗan lokaci, daga baya ta ƙara damuwa.

4. Zumunci. Kaɗaici yana ƙara nauyin zuciya. A ziyarci amintaccen aboki, a faɗa masa abin da ke damun rai.

Gargaɗi: In baƙin cikin ya kai mako biyu, a ga likita. In akwai tunanin kashe kai, a nemi taimako a ranar. Wannan ciwo ne da ake warkarwa, ba ragwanci ba ne.

Tambaya: Wane ne a cikinmu ya daina fitowa cikin jama'a? Wa zai je ya gaishe shi a makon nan?