Dabaibayi a Bakin Turawa

Ɗan'uwa mai karatu, ka san dabaibayi. Da damina, in hatsi ya tashi a gonakin Dakoro, mai jaki ba ya sakin shi haka nan. Sai ya ɗauko igiya ya ɗaure masa ƙafafun gaba. Jaki yana kiwo, yana ɗan tsalle, amma ba ya nisa, balle ya faɗa gonar mutane a yi rigima.

To, Rumawan dā su ma suna da wannan igiya. A harshensu na Latin, sunanta pedica, daga kalmarsu ta ƙafa. In sun ce impedicare, suna nufin a sa wa abu dabaibayi.

Faransanci ɗan Latin ne. Da kalmar ta shigo bakin Faransawa, sai ta goge, har ta zama empêcher. Ana faɗinta kamar "ampeshe". Tambayi yaronka ɗan lakkol, zai ce maka ma'anarta hanawa. Igiyar ta ɓace, hanawar ta tsaya.

A shekarar 1066, mayaƙan Normandi, daga arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi. Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a a can. Ta wannan hanya Ingilishi ya samu kalmar impeach, wadda ake faɗi "impic". Da farko hanawa take nufi. Daga baya ta koma tuhumar babban mai mulki a gaban majalisa.

Ga misali nan kusa da mu. A 1979 aka zaɓi Balarabe Musa gwamnan Kaduna a Nijeriya. Shi ɗan PRP ne, amma ƴan NPN ne suka fi yawa a majalisar jihar. Sunayen kwamishinoni da ya kai masu, suka ƙi yarda da su. Ka gani ko? Ga gwamna bisa kujera, ga ƙafa a ɗaure. A 1981 suka tsige shi.

Amma ka lura in kana jin rediyo. Tuhuma daban, tsigewa daban. A Amurka, majalisar wakilai ta yi wa shugaba Bill Clinton impeach a 1998. Majalisar dattawa ta zauna a 1999, ba ta kama shi da laifi ba. Ya ci gaba da mulki har wa'adinsa ya cika a 2001.