DARASI: HASKEN DA IDO BA YA GANI



Bayan karatun Magariba wani ɗalibi ya tare ni, ya ce: "Malam, abokina a jami'a ya ce shi fa duk abin da bai gani da idonsa ba, ba ya yarda da shi. Me zan ce masa?" Na ce ka ba shi labarin hasken gamma. Ga shi na rubuto domin kowa ya amfana.

'Yan uwa, haske iri-iri ne, kuma ɗan kaɗan ne idon ɗan Adam yake iya kamawa. Wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti ba ma ganinsa. Gamma ya fi wannan ƙarfi, shi ne ƙololuwa.

Ta yaya aka gano yana zuwa daga nesa a dunƙule? A 1963 Amurka da Birtaniya da Tarayyar Sobiyet suka yi yarjejeniyar daina gwajin makaman nukiliya a cikin iska da sararin samaniya da ƙarƙashin ruwa. Sai Amurka ta harba taurarin ɗan Adam masu suna Vela domin ta kama wanda zai saɓa. A watan Yulin 1967 suka ga walƙiyar gamma wadda ba ta yi kama da ta bam ba. Sai a 1973 aka bayyana wa duniya cewa daga can wajen duniyarmu take. An fita gadin mutane, aka dawo da labarin ikon Allah. Subhanallah!

Yau akwai na'urorin hangen nesa na musamman a sama, kamar Swift (2004) da Fermi (2008). Masana sun ce irin wannan walƙiya tana fitowa ne idan ƙaton tauraro ya ƙare ya rufta ya zama baƙin rami, ko idan gawarwakin taurari biyu suka yi karo. Cikin 'yan daƙiƙu takan fitar da ƙarfin da rana za ta fitar a tsawon rayuwarta kaf. Ranar 9 ga Oktoban 2022 wadda ta fi duk waɗanda aka taɓa gani haske ta iso mana, bayan tafiyar kusan shekara biliyan 2. Ta cika wa na'urori ido, har ta girgiza saman iskar duniya. Kai kuma ranar kana kasuwa, ko a jikinka.

Me ya sa? Iskar da ta lulluɓe duniya tana tare shi, ba ya kaiwa ƙasa. Ni'ima ce da da yawanmu ba mu taɓa gode wa Allah a kanta ba.

To ga wurin da nake so abokin nan ya tsaya. A Namibiya akwai manyan madubai da ake kira H.E.S.S., babbansu faɗinsa mita 28. Su ma ba sa ganin gamma ɗin kansa. Idan ya bugi iska sai ya bar wani shuɗin ƙyalli da bai kai ƙiftawar ido ba, wannan suke kamawa, su lissafa ƙarfinsa da inda ya fito. Wato da sawu aka san raƙumi ya wuce. Babu masanin da ya ce tunda bai gani ba babu shi.

Amma a yi hattara. Ban ce gamma shi ne gaibu ba, kuma kada wani ya ɗauko aya ya liƙa mata wannan bincike da sunan tafsiri. Binciken mutane yana canzawa, wahayi ba ya canzawa. Abin da nake cewa kawai: ido ba shi ne ma'aunin samuwa ba. Wanda ya yarda da sawu a ɗakin bincike, don me zai ƙi shi idan ana maganar Mahalicci?

Ɗalibina, ka gaya masa da laushin harshe, ban da izgili.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani. Wallahu a'alam.