Shin Kallon Hoton Itatuwa da Ruwa Yana Ƙara Lafiya?

Wata ma'aikaciyar jinya daga Zariya ta rubuto mana cewa ta ji ana faɗin kallon hoton daji, kogi ko lambu yana kwantar da hankali, har ma ya rage zafin ciwo. Tana so ta sani, da gaske ne, ko kuwa zancen masu sayar da kalanda ne kawai?

Malama, na ji daɗin tambayar nan. Maganar tana da tushe, sai dai akan zuzuta ta.

A 1984 wani mai bincike a Amurka, Roger Ulrich, ya duba takardun majinyata 46 da aka yi wa tiyatar cire matsarmama a wani asibiti a jihar Pennsylvania. Rabinsu tagar ɗakinsu na fuskantar itatuwa, rabi kuma bangon bulo. Masu ganin itatuwa an sallame su kusan kwana ɗaya kafin 'yan'uwansu, kuma ba su nemi magungunan kashe zafi masu ƙarfi kamar su ba. Har bayanan da ma'aikatan jinya irinki suka rubuta a kansu ba su cika ƙorafi ba.

Za ki ce ai wannan taga ce, ba hoto ba. Gaskiyarki. A 1991 Ulrich da abokan aikinsa sun nuna wa mutum 120 fim mai tayar da hankali, sannan aka kunna wa wasu bidiyon itatuwa da ruwa, wasu kuma na tituna da motoci. Cikin 'yan mintoci jikin masu kallon itatuwa ya riga na sauran saki: tsokar goshi ta sassauta, gumin fata ya ragu. Idan mutum ya firgita, jiki yakan ɗaura ɗamarar gudu ko faɗa, zuciya ta yi ta dukan uku-uku. Ganin wuri mai ni'ima yana taimaka masa ya kwance ɗamarar da wuri.

Akwai kuma batun gajiyar ƙwaƙwalwa. Rachel da Stephen Kaplan na Jami'ar Michigan sun bayyana cewa tilasta wa hankali ya tsaya kan aiki ɗaya yana gajiyar da shi, amma ganye da gajimare suna jan ido ba tare da wahala ba, sai hankali ya samu sararawa. A 2015 an gwada ɗalibai a Melbourne ta Ostireliya: waɗanda suka kalli hoton rufin gini mai ciyayi da furanni na daƙiƙa 40 kacal sun fi sauran ƙarancin kuskure a aikin da ya biyo baya.

Amma a yi hattara. Yawancin binciken nan a kan mutane kaɗan aka yi shi, kuma amfanin na ɗan lokaci ne. Hoto ba ya warkar da hawan jini ko ciwon damuwa. Mai shan magani ya ci gaba da sha. Kuma kallon hoto bai kai zama a inuwar darbejiya ba, inda akwai iska da kukan tsuntsaye, ga ɗan tattaki kafin a isa.

A ɗakin majinyatanki, in taga na kallon bishiya, a ɗage labule da rana. In babu, a rataya hoto mai haske na fili da ruwa a inda wanda ke kwance zai gani ba sai ya juya ba. A guji hoton kurmi mai duhu da kuma zanen da ba a gane kansa, domin irin wannan zanen kan ƙara wa mara lafiya fargaba.