Yadda A Ke Rarraba Matuƙan Jiragen Yaƙi A Rundunar Sojojin Sama Ta Nijeriya

Sau da yawa idan jirgin yaƙi ya keta sararin samaniya a bisa wani gari, ƙararsa ta razana yara da dabbobi, jama'a su kan tambayi juna ko wane ne a cikinsa, kuma wa ya zaɓe shi. Waɗansu suna tsammani duk wanda ya iya tuƙa jirgi ɗaya ya iya tuƙa sauran, kamar yadda direba ya kan sauka daga wannan mota ya shiga waccan. Waɗansu kuwa sun ɗauka matuƙi ne ya ke nuna jirgin da ransa ya ke so a ba shi. Al'amarin ba haka ya ke ba. Abubuwa uku ne su ke yanke wa matuƙi irin jirgin da zai hau da rukunin da zai zauna, watau ƙwazon da ya nuna wajen horo, da yanayin jikinsa, da kuma bukatar rundunar a lokacin da ya gama. Ra'ayinsa yana zuwa ne a bayan waɗannan.

Mafarin al'amarin

An kafa Rundunar Sojojin Sama ta Nijeriya bisa doka a cikin watan Afrilu na 1964, da taimakon hafsoshin Jamus ta Yamma, bayan an riga an aika da samari na farko koyon tuƙi a Habasha da Kanada da Indiya a 1962 da 1963. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, sai Gwamnatin Tarayya ta sami jiragen MiG-17 daga Tarayyar Sobiyet da L-29 daga Cekoslobakiya. Jirage sun iso, amma 'yan ƙasa da su ka san su ba su da yawa, har ya zama dole a nemi matuƙa daga waje, musamman daga Masar. Darasin da aka koya a wannan lokaci shi ne, sayen jirgi aikin 'yan watanni ne, amma samar da wanda zai yi yaƙi da shi aikin shekaru ne.

Daga Kaduna zuwa Kano

Galibin matuƙa su kan fara ne daga Makarantar Horar da Hafsoshin Soja da ke Kaduna, inda a ke ɗaukar ɗalibai daga dukan jihohi, domin sashe na 217 na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta cewa rundunonin soja su ƙunshi mutanen kowane ɓangare na ƙasa. Wannan ƙa'ida ta shafi ƙofar shiga. Bayan an shiga kuwa, jirgi bai san jihar kowa ba.

Wanda aka ga ya cancanci koyon tuƙi ya kan wuce makarantar koyon tuƙi ta 401, ita ma a Kaduna, inda a ke fara masa da ƙananan jirage masu farfela, irin su Super Mushshak ƙirar Pakistan, wanda malami da ɗalibi su ke zama kafaɗa da kafaɗa a cikinsa. Kowane tashi da ya yi, malami zai rubuta masa maki: yadda ya tashi, yadda ya sauka, yadda ya riƙe hanya, da abin da ya yi sa'ad da aka rage ƙarfin inji da gangan don a gwada natsuwarsa. Ba iyawa kaɗai a ke dubawa ba, har da saurin iyawa. Ɗalibin da ya gane darasi a tashi biyu da wanda sai an maimaita masa sau shida, dukansu suna iya cin jarrabawa, amma ba wuri ɗaya za a tura su ba.

A ƙarshen wannan mataki ne hanya ta ke rabuwa. Waɗansu a kan tura su ɓangaren jirage masu saukar ungulu, waɗanda a ke koyarwa a Enugu. Waɗansu su nufi jiragen jigila, irin su C-130 mai ɗaukar sojoji da kaya. Waɗanda aka ware domin jiragen yaƙi kuwa su kan tafi makaranta ta 403 a Kano, su hau L-39ZA, jirgi mai injin jet wanda rundunar ta fara karɓa wajen 1986. Akwai kuma waɗanda a ke aikawa ƙasashen waje su yi wannan mataki.

Bai kamata a ɗauka cewa wanda aka tura jirgin jigila ya gaza ba. Halin da a ke nema ne ya bambanta. Matuƙin jigila yana aiki tare da mataimaki da injiniya, ga rayukan mutane da dama a bayansa, saboda haka a ke son mai haƙuri wanda ya iya aiki da jama'a. Matuƙin jirgin yaƙi kuwa sau da yawa shi kaɗai ne: shi ke tuƙi, shi ke duba hanya, shi ke magana da ƙasa, shi ke sarrafa makamai, alhali jirgin yana cin kilomita goma sha biyar ko fiye a cikin minti ɗaya.

Hukuncin likita da ma'auni

Akwai abin da ƙoƙari ba ya gyarawa. Jirgin yaƙi yana da kujerar tsira, wadda ta ke cilla matuƙi waje da ƙarfin roka idan jirgi ya lalace, sa'an nan laima ta buɗe ya sauko. An ƙera kowace kujera ne domin mutum mai wani iyakantaccen nauyi da tsawo. Wanda cinyarsa ta yi tsawo da yawa, gwiwarsa tana iya bugun allon na'urori wajen fita. Wanda ba shi da nauyi sosai, ƙarfin cillawar yana iya yi wa ƙashin bayansa lahani. Don haka a ke auna tsawon mutum a zaune, da tsawon hannu da ƙafa, kuma ma'aunin wannan jirgi ba lalle ne ya zama na wancan ba.

Har ila yau, idan jirgi ya yi kwana mai tsanani cikin gudu, nauyin jikin matuƙi ya kan ninku sau bakwai ko takwas, jini ya gangara ƙafafu, ido ya dushe, wani ma ya suma. Akwai tufafi na musamman masu matse ciki da cinyoyi, akwai kuma dabarar numfashi da a ke koyarwa, amma jikin wani ya fi na wani jurewa. Hukuncin likita a nan ya fi ƙarfin fatan ɗalibi da na iyayensa. Wannan ma'auni bai ware mace ba: a watan Oktoba na 2019 aka liƙa wa Kafayat Sanni lambar fukafuki, ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi a rundunar, a rana ɗaya da marigayiya Tolulope Arotile ta ɓangaren jirage masu saukar ungulu.

Wane jirgi, wane rukuni

Samun lambar fukafuki shaida ce cewa mutum ya iya tuƙi, ba cewa ya iya yaƙi ba. Koyon yaƙi a sama a kan yi shi ne a sansanin Kainji da ke Jihar Neja, a rukuni na 407, inda aka daɗe ana amfani da Alpha Jet. Wannan jirgi, ƙirar haɗin gwiwar Faransa da Jamus, ya shigo Nijeriya a farkon shekarun 1980, ya yi aiki a Laberiya da Saliyo ƙarƙashin rundunar ECOMOG, ya kuma yi aiki a arewa maso gabas.

Daga nan ne bukatar runduna ta ke yin magana. Kowane jirgi da aikinsa. F-7Ni ƙirar Sin, wanda aka karɓa wajen 2010 aka ajiye a Makurɗi, hedkwatar sashen yaƙi na rundunar, yana gudu fiye da sauti, an kuwa yi shi ne domin tare jirgin abokan gaba a sama. JF-17, wanda aka ƙaddamar da guda 3 a Makurɗi a watan Mayu na 2021, yana yin wannan aiki, yana kuma kai hari ƙasa. A-29 Super Tucano kuwa, wanda aka sayi guda 12 ta hannun Amurka su ka fara isowa a watan Yuli na 2021, mai farfela ne, gudunsa bai kai kilomita 600 a awa ba. Mai kallo zai ce na baya ne a daraja. Amma rashin gudun nan shi ne amfaninsa, domin yana iya shafe awoyi yana shawagi a bisa daji, matuƙi yana tantance abin da ke ƙasa kafin ya saki makami. Aikin da kuskure a cikinsa ya ke iya faɗawa kan ƙauyen talakawa ba a ba da shi ga mai gaggawa.

Saboda haka ɗalibi yana iya fin kowa maki, ransa yana kan JF-17, amma idan guraben da ke akwai a shekarar na Super Tucano ne, can za shi. Jirage uku ba su ɗaukar matuƙa ashirin. Kuma rundunar ba ta tara gwanaye a rukuni ɗaya ta bar wani da sababbi zalla, domin kowane rukuni yana bukatar malamai da jagorori da 'yan baya masu tasowa.

Wanda aka tura sabon jirgi ya kan koma ɗalibi, ko da kuwa yana da girman muƙami. Zai zauna a aji ya haddace na'urorin jirgin da matakan gaggawa, ya shiga na'urar kwaikwayon tuƙi, sa'an nan ya tashi da malami a samfurin jirgin mai kujera biyu, kamar FT-7Ni ga masu shiga F-7Ni. Matuƙan farko na Super Tucano a Jihar Jojiya ta Amurka su ka yi wannan horo, na JF-17 kuwa a Pakistan. Idan ya isa rukuninsa, zai fara ne da bin jagora, yana tashi a gefensa yana tsare masa baya, sai bayan an gamsu da shi a ba shi jagorancin jirage biyu, daga baya huɗu.

Rabon nan kuma ba na har abada ba ne, domin jirage su kan tsufa, kuɗin kula da su ya kan gagara. A 1984 Nijeriya ta fara karɓar jiragen Jaguar guda 18 daga Ingila, aka horar da zaɓaɓɓun matuƙa dominsu, amma zuwa farkon shekarun 1990 an daina tashi da su. MiG-21 da aka kawo a 1975 su ma daga baya aka ajiye su. Matuƙin da jirginsa ya daina tashi, ƙwarewarsa ta kan dushe cikin 'yan watanni, kuma ƙa'ida ba ta yarda ya koma sama ba sai an sake gwada shi. Hakanan idan jiragen M-346 guda 24 da aka yi odarsu daga Italiya su ka kama aiki sosai, waɗanda su ka shekara goma a kan Alpha Jet za su koma aji tare da ƙannensu.