Filin Gwaggo: Ɗana na mafarkin Takobi, ga gwiwa na ciwo

Ni uwa ce daga Cadawa, cikin gundumar Agye. Ɗana na fari shekararsa 13, ba shi da zance sai na kokawa. Tun da aka gama aikin aya ya cika gwangwanaye biyu da siminti, ya soka ƙarfe a tsakani, kullum da asuba yana ɗagawa kafin ya tafi lakwal. Babansa ya ƙara masa da ɗaukar buhun hatsi, ya kuma hana shi langa, wai wasan yara ne. Makon jiya wani yaro da bai kai shi jiki ba ya kayar da shi sau biyu a dandali. Yanzu yana kukan ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa, ga fushi, ko tuwon kirki ba ya ci. In hana shi kokawar ne? Yaya zan yi da maigidan?
Wata uwa, Cadawa

To, ƙanwata. Kada ki hana shi. Yaron da ya buɗi ido a jihar Maradi ya ce yana son kokawa, gado ya tarar. Da aka fara gasar Takobi a Tawa a 1975, ɗan Maradi ne, Yakuba Kantu, ya ɗauke shi, shi ya sa fagen kokawar birnin yake amsa sunansa har yau. Kowace shekara jihohi takwas na kawo 'yan kokawa goma-goma, kowane yaro kuwa yana jin wata rana da shi za a je. Wannan buri ne mai kyau, hanyar ce aka ɗauko ta baibai.

Ki dubi manyan 'yan kokawa kafin su kama juna. Gwiwa a lanƙwashe, ƙugu ƙasa-ƙasa, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, suna jan yashi da tafin ƙafa, hannu na kai wa na dawowa. Kowa jira yake nauyin abokin karawarsa ya zame daga tsakanin ƙafafunsa, ko na ƙiftawar ido ne. A nan kaye yake. Ƙaramin yaron nan da ya kayar da ɗanki bai fi shi ƙarfi ba. Ya fi shi sakin jiki, ya fi shi sanin inda ƙafarsa take ba tare da ya duba ba, ya kuma fi shi sanin lokacin shiga. Gwangwanin siminti ba ya koyar da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Langar da aka hana shi ita ke koyar da su. Yaro ya riƙe ƙafa ɗaya ta baya, ya tsaya kan ɗaya, yana tsalle, ana bangazarsa, yana kauce wa wani yana kare ruwa. A wannan hali idon sawu, gwiwa, ƙugu, ido da wani sashe na cikin kunne mai kula da daidaiton tsayuwa duk aiki suke tare, suna aika wa ƙwaƙwalwa saƙo tana gyara tsayuwar tun kafin yaron ya yi tunani. Maimaitawa ke sa wannan ya zauna a jiki, kuma ƙuruciya ce lokacinsa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abu ɗaya zan ƙara: ya riƙa sauya ƙafa, don yawancin yara kan makale wa wadda ta fi musu daɗi, ɗayar ta zama rago.

Batun lokaci kuwa, mu mata mun fi kowa saninsa, ko da ba mu kira shi da suna ba. Ina ƙarama na sha tsayawa kallon yayyena uku kan turmi ɗaya suna lugude. Wannan ta sauke taɓarya, waccan ta ɗaga, ta uku ta cilla tata sama, ta tafa, ta cafe, ba a taɓa jin taɓare sun haɗu ba. Ranar da aka fara sa ni, na shiga kafin lokacina, taɓaryata ta doki ta yayata, hatsi ya watse a ƙasa. Ba ƙarfi na rasa ba, kunne na rasa. Wannan kunnen ne makaɗa ke reno a fage, shi ya sa ba a raba kokawa da ganga. Ki bar shi ya taka rawa idan ana kiɗa, ya yi tsallen igiya ƙannensa na tafa masa, su yi sauri su sassauta, shi kuma ya bi.

Da safe, maimakon gwangwanayen, ya ɗan yi sassarfa har jiki ya ɗumama, sannan ya juya wuya, kafaɗu, ƙugu da idon sawu a hankali. Ya tsuguna dunduniya a ƙasa, ya miƙe. Ya yi rarrafe gaba da baya ba takalmi, ai yashi bai yi muku wuya ba a Cadawa. Ya kuma koyi faɗuwa: haɓa a ƙirji, jiki a dunƙule, a mirgina, kada a tokare ƙasa da miƙaƙƙen hannu, don ta nan karayar yara da yawa ke zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 60 na motsa jiki a rana ga masu shekara 5 zuwa 17, wasa kuma yana cikin lissafin.

Amma duk wannan sai gwiwar ta lafa. A shekarunsa ƙashi na tsawo da sauri, bakinsa kuma guringuntsi ne, bai gama ƙwari ba. Jijiyar da ta sauko daga ƙoƙon gwiwa tana manne ne a wani tudu a saman ƙwauri, yawan nauyi da tsalle na janta har wurin ya yi tsami. Galibi hutu ke magance shi. Ya ajiye buhu, ya dakata da tsalle har zafin ya tafi. In kin ga kumburi, ko ɗingishi, ko zazzaɓi, ko ciwon na tashe shi da dare, ki kai shi likita ranar. Kada a yi masa tsaga, kada a murɗe wurin.

Maigida kuma so ne ya sa shi haka. Kada ki yi masa gyara gaban yaron. Ki bari ya ci abincin dare, ki roƙe shi ya kai yaron gaida wani tsohon ɗan kokawa na garinku, ya tambaye shi da me ya fara. Abin da zai ji daga bakin dattijon zai fi shiga kunnensa.

Gwaggo, shekarata 52. Tun da injin niƙa ya zo unguwarmu, 'ya'ya kuma suka karɓe aikin gida, jikina ya sandare. Tashi daga sujada sai na dafa bango.
Wata baiwar Allah, Gazawa

'Yar'uwa, gaɓar da aka daina motsawa ita ke ƙagewa. Ki zauna kan kujera mai ɗan tsayi, ki miƙe ba dafawa, sau biyar da safe, sau biyar da maraice, ki riƙa ƙarawa sannu-sannu. Ki kama bango ki tsaya kan ƙafa ɗaya gwargwadon numfashi uku, ki sauya. Da la'asar sakaliya ki koma wa turmi, ko dakan yaji ne, gidan maƙwabta kuma ki je da ƙafarki maimakon aiken jika. In gwiwar ta kumbura ko tana zafi in an taɓa, a fara da likita kafin komai.