Amsoshin Tambayoyinku: Najeriya ko Nijar?

Wani mai sauraronmu daga Kongolam yana tambaya: tsakanin Najeriya da Nijar, ina rayuwa ta fi sauƙi?

To Malam, ai kai ganau ne, tunda ga Ɗan Barto ta Nijar nan gabanka. A ganina mai albashi ya fi samun kwanciyar hankali a can Nijar, domin sefa a ɗaure take da yuro, ba ta narkewa a aljihu kamar yadda naira ta yi tun 2023. Amma mai neman na kansa, kasuwa ta fi faɗi a nan Najeriya. Shi ya sa matasan Matameye ke zuwa Kano cin rani. Kuma ka tuna bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, da aka rufe iyaka Najeriya ta yanke wuta, Yamai ta sha duhu, magani ya yi wuya.