Darasin Kasuwanci: Renon Furen Yini Ɗaya A Lambun Gida A Bauchi

Duk wanda ya zagaya sababbin unguwannin birnin Bauchi zai lura cewa magidanta sun fara ware wa shuke-shuken ƙawa wuri a harabar gidajensu, haka nan masu otal-otal da makarantu da ɗakunan taron biki. Masu renon tsirrai da ke jera leda a gefen manyan tituna su ne ke cike wannan buƙata, amma yawancin hajarsu iri ɗaya ce, shi ya sa farashi ke karyewa tun kafin mai saye ya gama taya wa. Darasin wannan fitowa ya duba wani fure da bai yawaita a kasuwar ba, wato furen yini ɗaya, da yadda ake renonsa, da kuma wuraren da jarin mutum zai iya nutsewa idan ya shiga da ka.

Masana ilimin tsirrai suna kiransa Hemerocallis, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar yini da kyau. Sunan ya dace, domin kowane fure yakan buɗe da safe ya yi yaushi kafin wayewar gari na biyu. Sai dai kara guda yana ɗauke da toho da yawa da ke buɗewa bi da bi, don haka gindi ɗaya zai iya shafe makonni yana ƙawata gida. Asalinsa ƙasashen Sin da Koriya da Japan ne. A Amurka aka mai da shi babbar sana'a, musamman bayan aikin Dokta Arlow Stout na lambun binciken tsirrai na birnin New York, wanda ya wallafa littafi a kansa a 1934. Ƙungiyar masu renonsa da aka kafa a can a 1946 ita ke riƙe da rajistar ire-irensa, kuma waɗanda ta yi wa rajista sun haura 80,000.

Abu na farko da ya kamata ɗan kasuwa ya fahimta shi ne, wannan ba furen yanka ba ne. Manoman Kenya da ke gefen tafkin Naivasha suna yanke furen wardi su aika kasuwar Aalsmeer ta ƙasar Holan a jirgin sama, saboda wardi yana jure kwanaki bayan an yanke shi. Furen da ke mutuwa a yini guda ba zai yi wannan tafiya ba. Abin sayarwa a nan shi ne gindin kansa, da saiwarsa da ganyensa. Wannan kuwa alheri ne ga ƙaramin mai jari, domin ba ya buƙatar ɗakin sanyi ko motar sanyi, kuma hajar da ba a sayar yau ba tana ƙara girma ne a inda take.

Matsala mafi girma ita ce zaɓen iri. Furen ya kasu gida uku. Akwai wanda ganyensa ke bushewa ya yi barci a lokacin sanyi mai tsanani, akwai wanda ke zama kore duk shekara, akwai kuma na tsakatsaki. Na farkon yana buƙatar sanyin da hunturun Bauchi ba ya kaiwa, don haka yakan rame shekara bayan shekara har ya ɓace. Mai zama kore duk shekara shi ne ya fi dacewa da ƙasashe masu zafi, kuma shi kaɗai ya kamata a sa wa kuɗi. A nan akwai tarkon da ya kamata a kiyaye. Jos ce matattarar masu furanni mafi kusa, tafiyar kimanin kilomita 130, amma tana kan tsauni mai tsayin kimanin mita 1,200, yayin da Bauchi ke kan kimanin mita 600. Tsiron da ya yi ɓul-ɓul a sanyin Jos ba lalle ne ya tsallake zafin Maris da Afrilu a Bauchi ba, lokacin da ma'aunin zafi kan kusanci digiri 40. Hikima ita ce a sayi gindi kaɗan daga ire-ire biyu ko uku, a bar su su ga damina da hunturu da bazara, sa'an nan a faɗaɗa da wanda ya rayu ya kuma yi fure. Wanda ke son shigo da iri daga ƙetare kuwa, wajibi ne ya nemi izinin hukumar killace amfanin gona ta ƙasa, kuma ba don sharaɗin takarda kawai ba: cutar tsatsar ganye da ta bayyana a gonakin Amurka a shekarar 2000 ta bazu ne ta hanyar cinikin tsirrai.

Lokacin dasawa mafi kyau shi ne farkon damina, bayan ruwa ya zauna a watan Yuni, domin saiwa ta kama ƙasa kafin ruwan Agusta mai yawa. Littattafan Turawa sukan ce a ba shi rana ta sa'o'i shida ko fiye. A Bauchi ranar safe ce ake so, a kuma sama masa inuwar katanga ko ta bishiya daga azahar zuwa la'asar, musamman ire-iren masu launin ja da shuɗi-shuɗi, waɗanda rana ke ƙona furensu. Masu launin rawaya sun fi juriya. Kada a dasa shi daf da gindin darbejiya ko mangwaro, saboda saiwoyinsu za su shanye ruwa da taki.

Ƙasar da ruwa ke kwanciya a kanta ita ce babbar abokiyar gabarsa. A ɗaga kunya ko fangali da kimanin santimita 15 zuwa 20, a cuɗa ƙasar da takin shanu da ya riga ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma janyo gara. A bar tazarar rabin mita tsakanin gindi da gindi. Wurin da ganye ya haɗu da saiwa kada ya nutse fiye da santimita biyu ko uku. Zurfafa shi yana hana fure, kuma a zafi da laima yana jawo ruɓewar gindi, wadda kan kashe tsiro cikin 'yan kwanaki. Takin zamani ɗan kaɗan ya isa, sau ɗaya a farkon damina, sau ɗaya bayan fure. Wanda ya cika masa yuriya zai sami ganye mai yawa da fure kaɗan, kuma ba ganye mai saye ya zo nema ba.

Ruwa ne ke yanke hukunci a kan riba. Ƙa'idar da masu lambu ke bi ita ce kimanin lita 25 a kan kowace murabba'in mita a mako. Fangali mai murabba'in mita 10 zai ɗauki gindi 40, zai kuma sha lita 250, wato jarka 10 mai lita 25 kowane mako. Daga Nuwamba zuwa Afrilu, kimanin makonni 26, jarka 260 ke nan, ba tare da lissafin ƙarin da bazara za ta tilasta ba. Mai rijiya ko rijiyar burtsatse a gida, ko wanda famfon ruwan madatsar Gubi ke isa unguwarsa a kai a kai, yana da sauƙi. Wanda zai dogara da 'yan garuwa ya ninka 260 da kuɗin jarka a unguwarsa kafin ya sayi ko gindi ɗaya. Rufe ƙasa da ɓawon gyaɗa ko busasshen ganye yana rage asarar ruwa ƙwarai, sai dai a riƙa ɗaga shi ana duba gara, kuma kada ya taɓa gindin. Ban ruwa mai yawa sau biyu a mako ya fi yayyafi kullum.

Jarin yana haihuwa ne ta hanyar rabawa. Gindi yakan fitar da 'ya'ya a gefensa, sai a tone shi, a wanke ƙasar, a raba da hannu ko da wuƙa mai tsabta, kowane kashi da saiwarsa, a rage tsawon ganye, a sake dasawa. Ɗan da aka raba kamar uwarsa yake fitowa sak. Wanda aka shuka daga ƙwaya kuwa ba a san launin da zai yi ba, kuma yakan ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya yi fure, saboda haka bai dace a sayar da shi da sunan uwarsa ba. A ɗauka, don misali, gindi yana ninkawa biyu a shekara: 40 za su zama 80, sa'an nan 160, sa'an nan 320 a ƙarshen shekara ta uku. Wanda ya sayar da rabin abin da ke hannunsa a ƙarshen shekarar farko ya koma 40, wato ya ci ribarsa tun tana jaririya. Sana'ar ta fi kama da kiwon tumaki a kan sayar da tumatir, kuma ba ta dace da kuɗin rancen da za a fara biya bayan wata uku ba.

Awaki da tumaki suna cin ganyensa, don haka shinge yana cikin kuɗin farko. A lokacin rani ƙananan ƙwarin da ke tsotsar ruwan ganye sukan taru a ƙarƙashinsa. Fesa ruwa da ƙarfi ko ruwan ganyen darbejiya yakan wadatar a ƙaramin lambu. Wajibi ne kuma mai sayarwa ya gaya wa mai kyanwa a gida cewa furen guba ne gare ta, yana lalata mata ƙoda. Mutanen Sin suna turara tohon wani irinsa su shanya don miya, har ya zama babban amfanin gona a yankin Datong, amma wannan iri ne na musamman da hanyar sarrafa shi, bai kamata a gwada da na ƙawa ba.

Ciniki ya fi tafiya lokacin da tsiro ke cikin fure, domin mai saye da ido yake saye. Manyan abokan ciniki su ne 'yan kwangilar ƙawata harabar gine-gine, waɗanda ke son gindi da yawa masu launi ɗaya a lokaci guda, don haka iri biyu masu yawa sun fi iri goma 'yan ƙalilan. Mai neman shawara yana iya tuntuɓar sashen aikin gona na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko reshen cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa da ke Daɗin Kowa, wanda ke cikin Jihar Bauchi kafin a ƙirƙiro Jihar Gombe a 1996. Wanda gwajinsa bai yi nasara ba, fangalin da ya gyara zai karɓi albasar kwaɗi, wadda ke tsirowa da kanta a fadamun ƙasar nan, tana fitar da manyan furanni farare masu ratsin ja a farkon damina, kuma ita ma ta hanyar raba 'ya'ya ake yawaita ta.